Ranar da Na Rage wa Wani Dattijo Hanya a Istanbul

Tun da muka dawo daga Turkiyya ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayi a Gude tambaya, a kasuwar Gwarzo tambaya, har a Islamiyyar da nake koyarwa malamai ba sa barina in sha ruwa. "Malam Auwalu, wai da gaske ne ɗan sanda ya kama ka a can?" Da gaske ne. Amma yadda labarin yake ƙara kitse a bakin mutane ya ishe ni. Shekaranjiya wani a Kabo ya dube ni ido cikin ido ya rantse cewa kwana uku na yi a kulle, alhali ni ne mai abin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in huta.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, Baba na raka asibiti. Wanda ya san mahaifinmu a da ya san mutum ne da ba ya zama. Malamin allo ne, kuma limamin unguwarmu, amma ɗaurin aure a Dugabau yana can, jana'iza a Kutama yana can, manoma biyu sun yi rikicin iyaka shi ake kira. Sai gwiwoyinsa suka ƙi. Shekara biyu cur yana zaure a kan buzu. Masallacin da ya yi wa limanci bai fi tafiyar minti biyar daga gida ba, yana jin kiran salla yana yin tasa a zaune shi kaɗai. Mun taɓa sayo masa keken nan da ake tura marasa lafiya. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Auwalu, mai da shi inda ka samo shi. Ranar da mutane za su ɗauke ni tana nan tafe. Kafin nan ba mai tura ni a gaban ɗalibaina." Daga nan magana ta fara yi masa wuya, abinci sai an yi da gaske. Inna tana ɓoye mana kukanta, mu ma muna ɓoye mata namu. Tsorona shi ne zaman nan ya kashe shi tun kafin ciwon ya kashe shi.

Ƙanena Nasiru yana karatun injiniya a Istanbul. Shi ya samo likitan ƙashi, shi ya yi ta naci a waya har Baba ya yarda, bayan an gama girbin dawa.

Ranar tafiya Inna ta haɗa mana guzuri kamar za mu ƙasar da ba a dafa abinci: garin kunun tsamiya, kuka, daddawa, da yaji cike da gwangwanin madara. Muka fito Kabo muka hau titin Gwarzo zuwa Kano, Baba a gaba yana jan carbi, direba yana ta tsayawa gaisawa da mutane har sai da na ce masa, "Malam, jirgi fa ba ɗan garinmu ba ne, ba zai jira ka gama tambayar iyali ba." A filin jirgi wata ma'aikaciya ta turo keken marasa lafiya da fara'arta. Baba ya ɗaure fuska ya kama kafaɗata. Haka na zama sandarsa tun daga ƙofa har matattakalar jirgi, kafin mu zauna kafaɗar nan ta mutu murus. A Alƙahira, inda muka canja jirgi, tafiyar cikin ginin ta fi daga gidanmu zuwa gona. Allah Ya taimake ni wata 'yar buɗaɗɗiyar mota mai ɗaukar fasinja ta zo wucewa. Wannan kam Baba ya shiga ba gardama, ya ce ai mota ce.

Da muka sauka Istanbul aka buga mana hatimi lafiya lau, sai wajen duba kaya. Jami'in ya ɗago gwangwanin Inna ya girgiza, ya dube ni. Na yi masa alamar ci da hannu. Bawan Allah bai gamsu ba, ya buɗe ya kai hanci. Kai! Atishawa ya yi ta jerawa har hularsa ta karkace, abokan aikinsa suna dariya har da riƙe ciki. Ya rufe gwangwanin da sauri ya miƙo min, yana nuna mana ƙofa da ɗaya hannun, idonsa yana ruwa.

Nasiru ya tarbe mu da manyan rigunan sanyi. Ashe ɗakinsa a hawa na huɗu yake, sai ya yi musaya da wani abokinsa mai ɗaki a ƙasa saboda Baba. Ɗakin ƙarami ne, taga tana kallon titi. Da safe ya ajiye mana karin kumallon mutanen garin: burodi zagayayye mai riɗi, cuku, tumatir ɗanye, da zaitun. Baba ya ɗanɗana zaitun ɗaya ya ce, "Allah Ya yi masa albarka a Littafinsa, amma a dama min kunu." Shayinsu kuwa a wani ɗan kofin gilas yake zuwa, ja wur, ba madara, kurɓa uku ya ƙare. Mai shayin Gude ya ba ka wannan, sai an raba ku. Ga kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, suna kwance a ƙofar shago kamar su ke da shagon, ba mai cewa kyas.

Daga tagar nan na fara ganin abin da ya jawo min suna. Wani ɗan keke ne na lantarki da ba shi da sirdi: falanki ɗaya da mutum zai tsaya a kai, ƙananan tayoyi biyu, da doguwar sanda mai hannu irin na keke. Sikuta suke ce masa. Za ka ga mutum da kwat da jakarsa ya wuce suuu a tsaye, ba ƙara ba hayaƙi. Mata ma suna hawa, har da masu lulluɓi. Abin da ya fi ɗaure min kai, a bakin titi ake barinsu a jere ba mai gadi. Ka zo da wayarka ka haska wata alama a jikinsa ya buɗe, ka je inda za ka, ka ajiye, wani ya ɗauka.

Na ce wa Nasiru sai na hau. Ya saka min abin a waya da sunansa, ya tsayar da ni kamar ɗan aji ɗaya yana karanto min dokoki. "Yaya, ka saurara da kyau. Ba a hawa da shi inda mutane suke tafiya da ƙafa. In akwai layin kekuna, nan za ka bi, in babu ka kama gefen dama. Ba ka hawa babban titi. Fitila ta nuna ja, ka tsaya ko ba kowa. In ka gama kada ka jefar da shi a ƙofar mutane ko inda makaho zai yi tuntuɓe. Yara ba sa hawa. Kuma mutum ɗaya ne kawai, ba goyo."

Na ce, "Kai Nasiru, ni da nake ɗauko buhun taki biyu da matata a babur daga Gwarzo, ni za ka koya wa tuƙi?" Ya ce shi dai ya faɗa min. Hawan farko na murɗa da ƙarfi, abin ya tafi ya bar ni, babbar rigata ta buɗe kamar lema. A kwana na uku kuwa na ƙware, ni ke zuwa sayo burodi ina ɗaga wa mai shago hannu.

Ranar da muka je asibiti ce ranar da ba na son tunawa. An yi hotuna, an auna zuciya, likitan ya zauna ya yi wa Nasiru bayani a hankali. Tun kafin ya fassara na gani a fuskarsa. Gwiwoyin sun cinye, aikin kuma zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Sai magani da gashi, a rage zafi. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin," muka koma gida. Ya kwanta ya juya wa taga baya. Washegari ko kunun bai sha ba, ya ce Nasiru ya nemo mana jirgin komawa. Na ga zauren nan da buzun nan suna jiransa, kuma yanzu ba sauran abin da za mu ce masa ya sa rai da shi.

Da hantsi zaman ɗakin ya gagare ni, na fita na ɗauki sikuta don in sha iska. Unguwar tana da hawa, irin wanda ko matashi sai ya yi haki. Ina cikin hawa sai na hango wani dattijo a gefe, farin gemu, 'yar hula, yana dogara sanda. Taku uku ya tsaya ya huta, taku uku ya tsaya. To ku da kuke karanta wannan, ku gaya min tsakani da Allah: a Gude, kana kan abin hawa, ka wuce sa'an mahaifinka yana jan ƙafa a hanya, da wane ido za ka shiga gari? Kafin ka isa gida labari ya riga ka, Inna ma ba za ta amsa gaisuwarka ba. Wallahi ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya kama birki da kansa.

Na yi masa sallama, ya amsa da murna. Na nuna masa bayan falankin, na nuna saman tudun. Ya dubi abin, ya dube ni da babbar riga da hula, sai ya ƙyalƙyale da dariya. Na ɗauka zai ƙi. Ina! Dattijon nan ya soke sandarsa a hammata, ya taka ya hau, ya rungume cikina da hannu biyu, ya ce, "Bismillah!" Muka tafi a hankali, sikuta tana nishi, shi yana ta surutu a bayana da yarensu, ni ina amsa masa da "Na'am, Baba, haka ne." Mutane suna tsayawa suna kallonmu, ni kuwa na ɗauka yaba min suke yi.

Ba mu kai rabin tudun ba na ji usur. Ɗan sanda ne, matashi, ya ɗaga hannu. Ya nuna ni, ya nuna dattijon, ya ɗaga yatsa ɗaya. Nan take maganar Nasiru ta faɗo min. Da sunan yaron nan aka buɗe abin, ga shi baƙo mai takardar zama ta karatu. Na ce shi ke nan, na zo jinya na ɓata wa ƙanena karatu. Na kira Nasiru a waya.

Kafin ya iso, dattijon ya riga ya buɗe wa ɗan sandan wuta, yana buga sanda a ƙasa yana nuna ni yana dafa ƙirji. Nasiru ya zo da gudu, ya harare ni. "Yaya, me na ce maka?" Na ce, "Ka ce ba goyo. Amma ai wannan ba goyo ba ne, rage hanya ne. Gaya masa." Ya ce, "Yaya, a nan duk ɗaya ne." Na ce ya dai gaya masa. Nasiru ya yi wa ɗan sandan bayanin yadda abin yake a wajenmu, cewa abin kunya ne mai abin hawa ya wuce babba a ƙasa. Ɗan sandan ya saurara har ƙarshe, yana danne murmushi. Sannan ya ba da tasa amsar, Nasiru yana fassara min. Ya ce birkin abin nan na mutum ɗaya ne. Da mun juyo gangara, ko mota ta buɗe ƙofa a gabanmu, ni zan iya dirowa, dattijon kuwa ƙugunsa ne zai karye, kuma ƙashin tsoho ba ya haɗuwa da wuri. Gaskiya ya faɗa. Ni da na baro nawa tsohon a kwance, na tashi kwantar da na wasu. Ya ce wannan karon gargaɗi ne, in na ƙara sai hukunci. Da zai tafi ya kama hannun dattijon ya sumbata ya kai goshi, haka suke girmama manya.

Sunan dattijon Alhaji Usman, tsohon tela ne. Ya ce ba ya saba hawa tudun nan da ƙafa ba, kekensa ne yake wajen mai gyara a can sama, shi zai je karɓowa. Na ajiye sikuta inda ake ajiyewa, muka raka shi a ƙasa, ni da Nasiru muna riƙe da shi. A shagon na ga keken. Ƙafa uku, kujera mai majingina kamar ta falo, kwando a gaba, hannu irin na babur, batir a ƙarƙashi. Alhaji Usman ya zauna, ya rataye sandarsa, ya murɗa, ya yi kwana a gabanmu yana ɗaga gira. Na dubi Nasiru, Nasiru ya dube ni. Da Alhaji Usman ya ji mahaifinmu malami ne kuma ba shi da lafiya, ya ce ba zai koma gida ba sai ya gaishe shi.

Baba ya tashi zaune don baƙo, ko ba ya so. Ba mai jin yaren wani. Baba ya gwada Larabci, Alhaji Usman ya girgiza kai. Can sai ya fara karanta wata sura a hankali, ya kai tsakiyar aya ya tsaya yana kallon Baba. Baba ya ƙarasa masa. Ya ja wata, Baba ya ƙarasa, har da gyara masa wani wuri da yatsa. Tsofaffin nan suka yi ta yi, shayi yana hucewa.

Da baƙon ya tashi tafiya, Baba ya leƙa ta taga ya ga ya hau kekensa shi kaɗai. Ya ce, "Nasiru, kira shi. Tambaye shi wa yake tura shi."

"Ya ce ba kowa, Baba. Shi yake kai kansa masallaci da kasuwa da gidan 'yarsa."

"Ba ya jin nauyin mutane su gan shi a haka?"

Alhaji Usman ya yi dariya ya yi doguwar magana. Nasiru ya ce, "Ya ce ya ji kunya wata shida da ya yi a ɗaki matarsa tana kawo masa labarin waɗanda suka rasu. Ya ce kuma a dokarsu ta hanya, wanda Yaya ya hau abin hawa ne, shi ya sa aka hana shi bin hanyar masu ƙafa. Nasa kuwa ƙafa aka ɗauke shi. Yana bin inda mutane suke bi, da saurin da mutane suke tafiya, har harabar masallaci. Ya ce shi mai tafiya a ƙasa ne, a zaune dai yake yinta."

Baba ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya ce, "Auwalu, kama ni."

A tsakar gidan ya gwada. Murɗawar farko ya nufi tukunyar fure kai tsaye, wata ƙatuwar kyanwa ta yi tsalle ta haye katanga, ni na ruga zan riƙe. Ya daka min tsawa: "Cire hannunka!" Ya ja baya, ya sake murɗawa a hankali, ya zagaya sau ɗaya, sau biyu. A na ukun na ji wani sauti da na manta da shi, Baba yana dariya. Na juya baya na goge ido da hannun riga, na tarar Nasiru ma abin da yake yi ke nan.

Ranar Juma'a mai gyaran ya ara mana wani. Tsofaffi biyu a jere a gefen hanya, ɗaya da rawani ɗaya da 'yar hula, mu muna biye a ƙasa kamar 'yan rakiyar ango. A mararraba Baba ya tsaya cak har fitila ta ba masu ƙafa hannu, ya waiwayo ya ce min, "Ka gani? Haka ake bin doka." Ni aka yi wa gori, kuma na karɓa da hannu biyu. A masallacin akwai gangare a gefen matattakala da aka yi don irinsu. Ya sauka a ƙofa, ya dafa bango ya shiga sahu, aka ba shi kujera. Limamin ya yi huɗuba da yaren da ni da Baba ba mu ji ko kalma ba, amma ban taɓa jin daɗin Juma'a kamar wannan ba.

Mun saya wa Baba nasa keken, amma ba mu taho da shi a jirginmu ba saboda batirinsa. 'Yan kasuwar Kano masu sayo kaya a can suka haɗa mana shi da nasu, ya iso bayan makonni. Alhaji Usman ya rako mu har bakin mota, ya zuba mana turaren lemo a hannu kamar yadda suke yi wa baƙo, suka rungume juna da Baba kowa yana addu'a da yarensa.

A Gude ba layin kekuna, ba fitila, sai rairayi da awaki. Tsofaffin ɗaliban Baba suka yi gayya suka zuba marmara daga ƙofar gida zuwa masallaci, caji kuma a solar Islamiyya muke yi. Baba ya kafa nasa dokokin: ba ya hawa kwalta inda manyan motoci suke, ba ya wuce saurin mai tafiya, kuma ba wanda zai taɓa masa hannun keke. Mako biyu ina bin sa a baya duk inda za shi, yana yi kamar bai gan ni ba.

Ranar Talatar da ta wuce na dawo daga makaranta bayan la'asar, na shiga zaure da sallama, ba amsa. Buzu a naɗe, keke ba ya nan. Na leƙa masallaci, ba kowa. Na shiga gida da sauri. "Inna, ina Baba?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ya fita."

"Ya fita ina?"

"Da can da yake fita, gaya min yake yi?" Sai da ta faɗa ta ɗago, na ga bakinta ya ƙi rufuwa.

Na fito na bi sawun tayoyi uku a ƙasa. Suka wuce masallaci, suka wuce inda marmara ta ƙare, suka bi ta bayan injin niƙa har ɗaya gefen gari. A ƙofar gidan Malam Garba na ga keken, an ajiye shi a gefe daf da bango don kada ya tare hanya. Malam Garba abokin karatun Baba ne tun suna yara. Matarsa ta rasu bara, mu Baba ya aika muka yi masa ta'aziyya, kuma na san abin yana cin sa. Daga cikin zaure ina jin muryoyinsu, Baba yana cewa, "Na zo a makare, Garba, amma na zo da kaina."

Ban shiga ba. Na tsaya a bakin hanya na yi kukana na farin ciki, na share fuska, na koma gida na ce wa Inna ta rufe masa tuwonsa, don ba yanzu zai dawo ba.